HAKKIN MAHAYIN DA BA A SANI BA

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya tsaga hanyoyi a cikinta, Ya kuma hore wa ɗan Adam abin hawa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, kowace safiya a kan hanyoyin ƙasar nan dubban mutane suna gamuwa da juna a kan babura, wannan ya fito gabas wancan ya fito yamma, babu wanda ya san sunan wani, balle garinsu ko sana'arsa. Gamuwar ba ta wuce ƙiftawar ido, kuma galibi ba za su sake ganin juna ba har abada. A irin wannan gamuwa babu kunyar sanayya da za ta hana mutum rashin mutunci, babu ɗan sanda a kusa, babu kuma wata riba da zai samu in ya kyautata. To, tambaya a nan ita ce, wane hakki ne ke kan mahayi game da ɗan'uwansa mahayi wanda bai sani ba, kuma ba zai ƙara ganinsa ba? Tambayar tana da kamar ƙarama, amma jinin mutane da yawa ya zuba a kan kwalta saboda rashin amsa ta yadda ya kamata.

Babur ya daɗe a ƙasar Hausa, amma bai zama ruwan dare ba sai bayan da aka biya ma'aikata kuɗin ƙarin albashi na Udoji a shekarar 1975, sa'ad da malaman makaranta da akawuna suka cika gari da Honda da Suzuki da Yamaha da Vespa. Da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980, sai ya koma abin neman abinci, aka sami acaɓa a Kano, kabu-kabu a Sakkwato da Nijar, okada a Kudu. A karkara kuwa shi ya gaji jaki da doki, da shi ake kai buhun hatsi kasuwa, da shi ake kai mai naƙuda asibiti. Allah Maɗaukakin Sarki, a aya ta 8 cikin Suratun Nahli, bayan Ya ambaci dawaki da alfadarai da jakuna a matsayin abin hawa da ado, Ya sanar da cewa Yana halittar wasu abubuwan da mutane ba su sani ba. Malaman wannan zamani da yawa sun ga abubuwan hawa na yau sun shiga cikin wannan. Saboda haka ladubban da shari'a ta ɗora wa mai doki da mai raƙumi, suna nan a wuyan mai babur ba su faɗi ba.

SALLAMA GA KOWA

Farkon waɗannan ladubba ita ce sallama. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Amru, Allah Ya yarda da shi, cewa wani mutum ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wane aiki ne ya fi alheri a Musulunci, sai ya nuna masa ciyar da abinci da yin sallama ga wanda ya sani da wanda bai sani ba. Abin lura shi ne ambaton wanda ba a sani ba. Gaida sananne abu ne da kowa ke yi, har wanda ba shi da addini, domin akwai biki a ciki: yau ka gaishe shi, gobe ya gaishe ka. Amma gaida wanda ba a sani ba, ba ta da wani dalili sai neman yardar Allah da girmama ɗan Adam. Shi ya sa a cikin Musnadin Imamu Ahmad aka ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu cewa keɓe sallama ga sanannu kaɗai yana daga cikin alamomin tashin Alƙiyama.

Sa'an nan shari'a ta tsara wanda zai fara. A hadisin Abu Huraira da Buhari da Muslim suka ruwaito, mahayi ne zai fara yi wa mai tafiya ƙasa sallama, mai tafiya ya yi wa na zaune, 'yan kaɗan su yi wa masu yawa. Malaman da suka yi sharhin hadisin sun kawo hikima biyu a kan fara ɗora wa mahayi. Ta ɗaya, hawa yana sa wa zuciya jin kai, sai aka umarce shi da farawa domin a karya girman kan tun bai yi ƙarfi ba. Ta biyu, wanda ke ƙasa shi ke jin tsoron wanda ke sama, saboda ya fi shi ƙarfi da sauri, sai aka ce mai ƙarfin ya riga bayar da aminci. Wannan ladabi bai zama baƙo ga Hausawa ba. An saba ganin mai keke ya sauka ya tura kekensa in zai wuce majalisar dattawa, da mai doki ya ɗaga hannu ya jinjina wa wanda ya gamu da shi a hanya.

To, idan mahaya biyu suka gamu, babu wanda ya fi wani tudu, sai aka bar ƙofar tsere a buɗe. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abu Umama cewa wanda ya fi kusanci ga Allah a cikin mutane shi ne mai fara sallama. Idan kuwa ayari ne, kamar masu rakiyar amarya ko masu dawowa daga cin kasuwa, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya bayyana a cikin Risala cewa mutum ɗaya in ya yi sallama ya isar wa sauran, haka ma in ɗaya ya amsa. Ya kuma bayyana cewa farawa sunna ce, amsawa kuwa wajibi. Aya ta 86 ta Suratun Nisa'i ta umarci wanda aka gaisar ya mayar da wadda ta fi ta kyau, ko aƙalla kwatankwacinta.

Wani zai ce ai ƙarar inji da iska ba sa bari a ji magana, ga hular kwano ta rufe baki. Wannan ma malamai sun riga sun yi bayaninsa. An hana mutum ya wadatu da nuni kaɗai ba tare da lafazi ba, amma Imamu Nawawi a cikin littafinsa Al'azkar ya kawo ruwayar Asma'u 'yar Yazidu, cewa Annabi ya wuce wasu mata a masallaci ya yi musu nuni da hannu, ya kuma fassara ta da cewa ya haɗa nunin ne da lafazi. Ke nan mai babur zai furta sallama da bakinsa ko da ba a ji ba, ya haɗa da ɗaga hannu ko sunkuyar da kai. Amma fa lalle ne ya lura da inda yake. In yana kan kwana, ko cikin yashi, ko ya ɗauko goyo da kaya, bai halatta ya saki kan babur don ya cika sunna ba, domin kiyaye rai wajibi ne, kuma ba a barin wajibi saboda sunna. Gyaɗa kai ya wadatar.

ALKAWARIN DA KE CIKIN SALLAMA

Sai dai duk wannan ɓawo ne, ƙwayar tana ciki. Ma'anar sallama ita ce aminci. Wanda ya yi wa wani sallama ya ɗaukar masa alkawari ke nan cewa babu wata cuta da za ta same shi ta wajensa. Buhari ya ruwaito cewa Musulmi na gaskiya shi ne wanda Musulmi suka kuɓuta daga harshensa da hannunsa. Hannun mai babur kuwa a kan totur da birki yake. Da su ne zai cika alkawarin ko ya saɓa shi. Mutumin da ya ɗaga hannu ya yi sallama, sa'an nan ya matse ɗan'uwansa har ya faɗa kwata, ya yi ƙarya da hannunsa bayan ya yi gaskiya da bakinsa.

Hanyoyin saɓa wannan alkawari sananni ne ga duk mai hawa. Akwai wanda zai zo wucewa ya goga wa na gabansa kafaɗa ba tare da ya danna oda ko ya ba shi fili ba. Akwai wanda zai bar babbar fitila a idon mai zuwa da dare, har ya makantar da shi ya afka rami. Akwai mai juyawa ba sigina, da mai tsayawa tsakiyar titi don ya hangi fasinja, da mai cire salansa don a ji zuwansa tun daga nesa. Akwai mai bin hannun da ba nasa ba don ya rage nisa, alhali tun ran 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta yi canjin hannu ta koma dama, kuma duk wanda ya hau titi ya shiga cikin wannan yarjejeniya ko bai furta ba. Wanda ke zuwa a hannunsa ya dogara ne da cewa kowa zai tsaya a nasa, to, wanda ya ɓullo masa ta inda bai zata ba ya ci amanarsa. Akwai kuma samari masu yin kamar za su kaɗe mutum sa'an nan su kauce suna dariya, alhali Abu Dawuda ya ruwaito cewa bai halatta Musulmi ya firgita Musulmi ba, kuma an faɗi hadisin ne a kan abin da aka yi da wasa.

Mafi yawan wannan ɓarna daga abu guda take fitowa, watau zuciyar da ba ta jure a wuce ta. Mutum yana tafiyarsa lafiya, sai wani da bai sani ba ya wuce shi, nan take sai ya ji kamar an zage shi, ya murɗa totur ya bi shi. Sai a yi ta tsere tsakanin mutum biyu waɗanda babu wata gaba a tsakaninsu, kuma babu kyautar da ke jiran wanda ya ci, ga shi sau da yawa kowannensu ya goyo uwar wani ko ɗan wani. Buhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas cewa ranar saukowa daga Arfa, Annabi ya ji hayaniya a bayansa da dukan raƙuma, sai ya yi wa mutane nuni da bulalarsa, ya umarce su da natsuwa, ya sanar da su cewa aikin alheri ba a cikin gaggauta abin hawa yake ba. Waɗannan fa alhazai ne, gaggawarsu ta zuwa Muzdalifa ce, amma duk da haka aka tsawata musu. Ina ga mai gaggawar da babu komai a ƙarshenta sai a ce ya riga? Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, kuma tafiya sannu-sannu kwana nesa.

Har ƙura ma tana da nata hukunci. Usama ɗan Zaidu ya ba da labari, kamar yadda Buhari da Muslim suka kawo, cewa kafin yaƙin Badar Annabi ya hau jaki ya goya shi, za su gaida Sa'adu ɗan Ubada da ba shi da lafiya. Suka biyo ta wata majalisa wadda ta haɗa Musulmi da masu bautar gumaka da Yahudawa. Ƙurar jakin ta tashi, sai Abdullahi ɗan Ubayyu ya rufe hancinsa da mayafi ya yi ƙorafi. Annabi ya yi musu sallama, ya tsaya, ya sauka daga kan jakin sa'an nan ya yi musu magana. Darasi biyu ne a nan ga mai babur. Na farko, wanda ya fi kowa daraja bai wuce jama'a a guje ya bar su da ƙura ba. Wanda ya bi hanyar burji da rani, ko ya iso kududdufi da damina, ya ga wani mahayi kusa da shi, lalle ne ya sassauta, kada ya tura mutum wurin aiki ko masallaci da riga ta ɓaci. Na biyu, majalisar gauraye take, amma hakan bai hana gaisuwa ba. Mai babur bai san addinin wanda ke cikin hular kwano ba, kuma ba a ɗora masa bincike ba. In ma ya tabbata ba Musulmi ba ne, to, sannu da barka da hanya ba su ƙare ba, kuma aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta buɗe ƙofar kyautatawa da adalci ga duk wanda bai yaƙi Musulmi ba. Kame cuta kuwa hakkin kowane mai rai ne.

Kada kuma a zaci wannan duk ladabi ne kawai wanda in an bari babu komai. A cikin Risala an bayyana cewa mahayi da mai jan dabba da mai kora ta, su ke da lamunin abin da dabbar ta taka. Imamu Malik kuma, kamar yadda ya zo a Mudawwana, ya yi hukunci a kan mahaya dawaki biyu da suka yi karo suka mutu, cewa diyyar kowannensu tana kan dangin ɗayan, ƙimar dokin kowannensu kuma tana cikin dukiyar ɗayan. Watau shari'a ba ta karɓi cewa tsautsayi ne a rufe magana ba. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta ɗauke alhaki daga wanda ya yi sakaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma kowane ɗaya daga cikinsu rai ne da za a yi tambaya a kansa.

WANDA YA TSAYA A GEFEN HANYA

Hakki na gaba shi ne na wanda abin hawansa ya lalace. Babur ƙaramin abu ne ke tsai da shi: taya ta yi faci, fulogi ya ƙi, sarƙa ta zame, ko mai ya ƙare tsakanin gari da gari. Wanda ya taɓa tura babur cikin rana shi ya san nauyinsa. A hadisin Abu Huraira wanda ya yi bayanin cewa kowace gaɓa ta mutum akwai sadaka a kanta kowace rana, an lissafa taimakon mutum a kan dabbarsa, a ɗora shi ko a ɗora masa kayansa, a cikin sadakokin, a wata ruwayar Buhari har da nuna hanya. Abu Dawuda kuma ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi yakan koma bayan ayari a lokacin tafiya, yana kora mai rauni, yana goya wanda ya gaza, yana yi musu addu'a. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sun san wannan ƙa'ida, domin ayarin da ke barin nasa a baya ba ya daɗewa yana ayari.

Abin da ake bukata sau da yawa ba shi da yawa. A tsaya a ce, "Malam, lafiya?" A ara masa sifana, ko a tsiyaya masa mai rabin kwalba wanda zai kai shi gidan mai, ko a ɗauke shi zuwa wurin mai faci. Wanda ya yi haka bai san ranar da shi ma zai tsaya a gefen hanya yana duban masu wucewa ba, kuma alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Idan kuwa haɗari ne, mutum yana kwance jini na zuba, to, maganar ta tashi daga sadaka ta koma farilla. Ceton rai farilla ce ta kifaya, in wasu suka yi ta faɗi a kan saura, in kowa ya wuce kowa ya yi laifi. Abin takaici ne a ga mutane sun kewaye wanda ya faɗi, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto, babu mai ɗaukar mutumin. Wasu sukan kafa hujja da tsoron kada asibiti ta ƙi karɓa ko a riƙe su da tambayoyi. Ya kamata a sani Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana ma'aikatan lafiya ƙin ba da taimakon gaggawa, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, tana da lambar kira ta 122. Ko da ma akwai wahala, ɓata yini guda bai kai rai ba.

TSAKANIN TSANTSENI DA MUGUN ZATO

A nan ne mai hankali zai kawo hujja mai nauyi, wadda bai kamata a yi watsi da ita ba. Zai ce wannan magana ta zamanin zaman lafiya ce. Babur ya zama abin hawan masu kisa. Saboda shi aka hana hawan babura a Maiduguri a 2011. A Kano aka hana acaɓa a watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. A 2021 gwamnatocin Zamfara da Katsina suka taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da mai a jarka saboda 'yan bindigar daji. Ga kuma ɓarayin babura waɗanda kan yi kamar nasu ya lalace, in an tsaya su ƙwace na mai taimakon. To, yaya za a ce mutum ya amince wa wanda bai sani ba?

Amsa ita ce shari'a ba ta ce ya amince wa kowa ba, ta ce ne kowa ya amince daga gare shi. Waɗannan abubuwa biyu ne daban. Aya ta 71 ta Suratun Nisa'i ta umarci muminai su riƙi shirinsu na tsaro, don haka wanda ya ƙi tsayawa a dokar daji da tsakar dare, ko ya hangi alamar tarko ya wuce, babu laifi a kansa. Sai dai tsantseni yana da iyaka. Sallama ba ta bukatar tsayawa. Rage fitila ba ya jawo ɓarawo. Wanda kuma tsoro ya hana shi tsayawa, bai hana shi in ya isa ƙauye na gaba ya gaya wa mai faci ko masu tsaron gari cewa ga wani can a wuri kaza babur ɗinsa ya mutu ba. Ta haka ya tsare kansa, ya kuma sauke hakki gwargwadon ikonsa.

Abin da shari'a ta hana shi ne tsoro ya rikiɗe ya zama hukunci. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibnu Abbas cewa wasu Musulmi sun gamu da wani mutum da 'yan tumakinsa, ya yi musu sallama, suka zaci ya yi ne don ya tsira, suka kashe shi suka kore tumakin. A kan haka aya ta 94 ta Suratun Nisa'i ta sauka, tana umartar matafiya su yi bincike, tana hana su ƙaryata wanda ya miƙa musu sallama. Wannan fa a lokacin yaƙi ne, inda zato ke da dalili, amma ba a karɓi uzurinsu ba. Saboda haka wanda ya ga baƙon mahayi, ya ga rawaninsa ko kamanninsa ko irin babur ɗinsa, ya kwarara ihun ɓarawo ko ɗan bindiga ba tare da ya ga laifi ba, to, duk abin da taron jama'a ya yi wa mutumin nan yana da kaso a ciki. Aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta bayyana cewa wani sashen zato zunubi ne. Mafi yawan masu hawa babur a hanyoyin karkara manoma ne da 'yan kasuwa da malaman makaranta, kuma su ne ma suka fi shan wuya a hannun 'yan bindigar.

ZUMUNCIN DA YA WUCE GONA DA IRI

Akwai kuma kishiyar wannan cuta, ita ma a kan wanda ba a sani ba take. Sananne ne a garuruwa cewa in mota ta gogi mai babur, kafin a ce kwabo masu babura sun cika wurin. Babu wanda ya san wanda aka goga, babu wanda ya ga yadda abin ya faru, amma kowa ya riga ya yanke cewa mai motar ne da laifi. Asalin wannan hali yana da kyau, domin raunana ne suka gane in ba su haɗa kai ba za a tattake su. Amma in ya kai ga fasa gilashi da duka da ƙone-ƙone, ya zama ƙabilanci irin na jahiliyya, sai dai an sa babur a madadin ƙabila.

Buhari ya ruwaito daga Anas cewa Annabi ya umarci a taimaki ɗan'uwa ko shi ne azzalumi ko shi aka zalunta, da aka tambaye shi yadda za a taimaki azzalumi, sai ya bayyana cewa hana shi zaluncin shi ne taimakonsa. Ke nan mahayin da ya iso wurin rigima, aikinsa na farko ya duba wanda ya ji rauni, na biyu ya raba, na uku ya faɗi abin da ya gani in ya gani, ko da a kan mai babur ɗin ne. In bai gani ba ya kama bakinsa. Sakamakon barin wannan ba ya tsayawa a kan masu laifi. A watan Mayu na 2022 aka kashe wani mutum a unguwar Lekki ta Legas bayan gardama a kan kuɗin haya, aka ɗora laifin a kan 'yan acaɓa. Daga ran 1 ga Yuni na shekarar gwamnatin jihar ta hana sana'ar a ƙananan hukumomi shida, mutane masu yawa, har da 'yan Arewa masu ciyar da iyali a gida, suka rasa abin yi a kan laifin da ba su ji ba ba su gani ba. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Wanda ya duba masu zato da masu ƙabilanci zai ga cutarsu guda ce. Dukansu sun yanke hukunci a kan mutum kafin su san abin da ya yi, wancan ya ce mugu ne saboda baƙo ne, wannan ya ce mai gaskiya ne saboda irinsa ne. Musulunci kuwa ya ba baƙon mahayi abu uku ba tare da an san shi ba, watau gaisuwa, da kame cuta, da taimako in ya bukata. Amincewa da shi a kan dukiya, ko goyon bayansa a kan rigima, waɗannan sai an sani.

Allah Ya koya wa mahayi addu'ar da zai yi in ya daidaita a kan abin hawansa, a aya ta 13 da ta 14 na Suratuz Zuhrufi. Farkonta tasbihi ne da iƙirarin cewa ba da ƙarfin mutum aka hore masa abin hawan ba, ƙarshenta kuma tuna komawa ga Ubangiji. Masu tafsiri sun ce an haɗa hawa da tuna mutuwa ne domin mahayi kullum a bakin halaka yake, kuma tafiyar duniya tana tuna tafiyar Lahira. Babu mahayin da wannan ya fi dacewa da shi kamar mai babur, wanda babu komai tsakanin jikinsa da kwalta. Duk wanda ya tayar da babur da safe yana tuna cewa akwai ranar da za a ɗauke shi a kan makara, kuma cikin masu ɗaukar da masu sallar akwai waɗanda bai taɓa sani ba, zai yi wuya ya matse wani a kwana don ya riga shi isa.

Allah Ya kiyaye matafiya a duk inda suke, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan hanya, Ya ba masu jinya lafiya, Ya mayar da kowa ga iyalinsa cikin aminci. Amin.